Yatsu biyu sun ƙi bin umarnina, an ce in koma koyar da yara

Kawu, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ni ɗan Jos ne, shekaruna 29. Na fara taɓa piyano a cocinmu ina ɗan shekara 8, na ci jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Birtaniya har mataki na 8, na yi difloma a Legas, daga nan na samu gurbi a wata makarantar kiɗa a Jamus. Kuɗin da ake so a gani a asusu kafin a ba da biza sun fi ƙarfinmu, sai Baba ya sayar da filinsa ya cika. Burina tun farko in riƙa kaɗa piyano a manyan zaurukan duniya. Wata 14 ke nan, da zarar na fara gudu a kan maɓallai sai yatsan zobe da ƙaramin yatsan hannuna na dama su naɗe cikin tafin hannu. Babu zafi. Ina rubutu, ina cin abinci, ina ɗaure takalmi lafiya lau. Na ƙara atisaye daga awa 6 zuwa 9 a rana, abin sai gaba yake yi. Likita ya ce distoniya ce. Na janye daga gasa biyu. Yanzu makarantar kiɗa ta garin da nake ta yi mini tayin koyar da yara kwana huɗu a mako. Kawu, gani nake in na karɓa na sallama ke nan. A gida ba wanda ya sani, Baba har yanzu yana nuna wa mutane bidiyona a waya. Yaya zan yi?

Ɗanka a Jamus

Ɗana, sannu. Allah Ya ba ka lafiya. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma kafin in taɓa zancen aiki ko zancen Baba, akwai abin da ba zai jira ba: awa taran nan, ka daina. Yau, ba sai ka gama karanta amsata ka yi shawara da kowa ba.

Na san daga inda tunanin ya fito. Duk abin da ya taɓa yi maka gardama a kan piyano tun kana yaro, maimaici ne ya karya shi. Wuri ya ƙi, ka yi shi sau ɗari, ya bi. To wannan karon maimaicin shi ne ke ciyar da ciwon. Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa, a sashen da ke aika wa kowane yatsa nasa saƙon, shi ya sa hannun ba ya maka zafi, kuma shi ya sa yatsun suke bin umarninka wajen riƙe cokali amma su yi tawaye a kan maɓallai. Kowane yatsa yana da gonarsa a can ciki, da iyakarta. Shekaru ashirin na gudu iri ɗaya, cikin sauri da matsin rai, sukan sa iyakar ta shafe, sai saƙon da aka aika wa yatsa ɗaya maƙwabcinsa ma ya amsa. Duk lokacin da ka tilasta hannun ya bi ta wurin da yake naɗewa, kana ƙara koya wa ƙwaƙwalwa naɗewar ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin yana kama kusan ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa, ya fi kama maza, kuma a wajen masu piyano waɗannan yatsu biyun na hannun dama ya fi so. Ka ga ba kai ka fara ba, ba kuma lalaci ko wani laifi naka ya jawo ba. In ma akwai abin da ya jawo, naci ne.

Ka yi sa'ar ƙasa. A Hanoba akwai cibiyar da aikinta ke nan, lafiyar makaɗa da yadda jikinsu ke aiki, tana cikin jami'ar kiɗa ta birnin, kuma Farfesa Eckart Altenmüller da ya jagorance ta shekaru da yawa likitan ƙwaƙwalwa ne, mai busa sarewa kuma. Ka nemi likitanka ya rubuta maka takardar zuwa can ko wata cibiya irinta. Manyan abubuwan da ake yi wa masu wannan larura uku ne: allurar Botox mai sassauta tsoka, 'yar kaɗan a tsokar da ke jan yatsan, wadda ake maimaitawa bayan 'yan watanni, ƙwayar magani da ke taimaka wa wasu, sai kuma sake koyon motsi daga tushe, a hankali ƙwarai, kamar yaron da ke koyon tafiya, wanda yakan ci shekaru. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Da yawa suna samun sauƙi. Waɗanda suke komawa daidai yadda suke a da, su hau dandamali su yi gudun da suka saba, ba su da yawa. Ka shiga magani da wannan sanin a aljihunka, don kada wata shida su wuce ka ce an yaudare ka.

Yanzu bari in ba ka labarin wani mutum, don duk wanda ya san harkar piyano, in ya karanta wasiƙarka, sunansa ne zai fara faɗo masa.

Leon Fleisher an haife shi a San Faransisko ta Amurka a 1928. Yana ɗan shekara 9 shahararren makaɗin piyano Artur Schnabel ya karɓe shi ɗalibi, mutumin da ba ya son koyar da yara. Yana da shekara 16 ya kaɗa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta New York. A 1952 ya ci gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels, Ba'amurke na farko da ya ci ta. Faya-fayan da ya yi da makaɗan Cleveland ƙarƙashin jagoransu George Szell, na Beethoven da Brahms, har gobe ana sa wa ɗalibai su saurara. Wato duk abin da kake mafarki, shi ya riƙe shi a hannu. A 1964, yana da shekara 36, ana shirin tafiya rangadi Tarayyar Sobiyet, yatsan zobe da ƙaramin yatsan hannunsa na dama suka fara naɗewa. Ka san abin da ya yi? Abin da ka yi. Ya ƙara atisaye. Cikin watanni hannun ya kai ko rubutu yana ba shi wuya.

A wancan zamani ko sunan ciwon ba a gaya masa ba. Ya bi likitoci, ya bi masu allura, ya bi masu duba tunani, aka yi masa tiyata, duk a banza. Ya shiga baƙin ciki mai tsanani har ya yi tunanin kashe kansa, shi da bakinsa ya faɗa daga baya, aurensa kuma ya mutu. Na ambaci wannan da gangan. In dare ya taɓa kai ka irin wannan tunanin, ka gaya wa likita ko wani na kusa da kai a ranar, kada ka bar shi ya kwana da kai kaɗai a ɗaki a ƙasar mutane. A 1982 ya gwada dawowa da hannu biyu a Baltimore, jaridu suka yi ta murna, amma shi ya san hannun bai dawo ba, ya sake janyewa. Sai a tsakiyar shekarun 1990, da allurar Botox da wani irin tausa mai zurfi, hannun ya saki har ya iya kaɗa wasu kiɗoɗin, ba duka ba. A 2004 ya fitar da faifai da hannu biyu, shekara arba'in bayan farawar ciwon.

Masu ba da labarin nan sun fi son su tsaya a wurin dawowar, don ta fi daɗin ji. Ni shekaru talatin na tsakiya nake so ka duba, domin a cikinsu kake. Fleisher ya fara koyarwa a makarantar Peabody da ke Baltimore tun 1959, kafin ciwon, kuma bai bari ba sama da shekara sittin. Har makon da ya gabaci rasuwarsa a watan Agustan 2020, yana da shekara 92, yana koyarwa ta intanet. Ya sha bayyana cewa ciwon ne ya mayar da shi malami na gaske. Da can in ɗalibi ya kasa wuri, sai ya ture shi daga kujera ya kaɗa masa, ya ce yi haka. Da hannu ya tafi, dole ya nemo kalmomi. Dole ya tambayi kansa, me nake ji a kunnena kafin in taɓa maɓalli, kuma ta yaya zan sa wannan yaron ya ji shi? Daga ɗakin nan André Watts ya fito, Yefim Bronfman ma ya zauna gabansa, da wasu da yawa da suka cika zaurukan da shi ya daina shiga da hannu biyu.

Akwai abin da mu nan muka sani sarai, wanda Turawan piyano ma suke riƙe da shi ko da ba sa kiransa da sunanmu. Malamin zaure in zai ba ka littafi, yakan gaya maka wurin wanda ya karanta shi, shi ma wurin wa, har a kai ga mawallafi. To ka ji silsilar Fleisher. Ya ɗauka wurin Schnabel. Schnabel ya ɗauka wurin Theodor Leschetizky a Biyana, wanda kuma shi ya koyar da Paderewski, makaɗin da ya zama firaministan Poland a 1919. Leschetizky ya ɗauka wurin Carl Czerny. Czerny kuwa yana ɗan shekara goma aka kai shi gaban Beethoven. Mutum uku ne kacal tsakanin Beethoven da wanda ya rasu a 2020. Czerny ɗin nan, wanda littattafan atisayensa suka gallabe ka kana yaro, bai yi rayuwar yawon dandamali ba. Zama ya yi a Biyana yana koyarwa daga safe zuwa dare, kuma cikin yaran da aka kawo masa akwai Franz Liszt. Babu na'urar ɗaukar sauti a zamanin Beethoven. Tafin da aka yi masa ya tafi da iska. Abin da ya iso gare mu na yadda yake son a taɓa piyano, ban da abin da ya rubuta a takarda, ta ɗakin darasi ya biyo.

To ina ka samo cewa koyarwa faɗuwa ce? Ina jin na sani. A makarantun kiɗa akwai wani tsani da ba a rubuta shi a ko'ina ba amma kowa ya haddace: mai kaɗawa shi kaɗai a sama, mai raka mawaƙa a ƙasansa, malamin yara a can gindi. Ɗalibai ne ke raya wannan tsanin, su da ba su taɓa biyan kuɗin haya da kiɗa ba. Bari mu yi lissafi kamar yatsunka goma lafiya suke. Gasar Chopin ta Warsaw, wadda aka fara a 1927, sau ɗaya ake yinta a shekara biyar, ɗaruruwa ke nema daga ko'ina a duniya, mutum ɗaya ke zama na farko. Yawancin manyan gasanni suna rufe ƙofa da zarar mutum ya kai shekara talatin ko ya ɗan haura, kai kuma kana da 29. Makarantun Jamus kaɗai suna yaye ƙwararrun masu piyano kowace shekara fiye da yadda zaurukan ƙasar za su iya ɗauka. Abokan karatunka da kake hange suna wuce ka, ka ba su shekara goma ka je ka duba: kusan dukansu za ka same su suna koyarwa, suna raka mawaƙa, suna kaɗa wa 'yan rawa, sai jefi-jefi su hau dandamali. Ciwon ya zo maka da wannan lissafin da wuri ne, kuma da mugun salo.

Manyan ma haka suka rayu. Chopin duk tsawon rayuwarsa bai fi sau talatin ya kaɗa a bainar jama'a ba. Da kuɗin darasi ya ci abinci a Faris. Liszt, wanda mata ke suma in ya hau dandamali, ya bar yawon kaɗe-kaɗe na kuɗi a 1847 yana da shekara 35, daga baya ya zauna a Weimar yana koyar da matasa kyauta. Clara Schumann, wadda hotonta ke kan takardar kuɗin Jamus ta mark 100 kafin zuwan yuro, ta yi shekara 61 tana kaɗawa a gaban jama'a, ta haifi 'ya'ya takwas, ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta a 1856, kuma daga 1878 ta zama babbar malamar piyano a Frankfurt. Shi kansa mijin nata, Robert, makaɗin dandamali ya so zama. Yatsan hannun dama ya ƙi, ya koma rubuta kiɗa, kuma likitoci da dama a yau suna ganin irin ciwonka ne ya same shi. Ka kaɗa kiɗansa sau nawa ba ka san ɗan'uwanka ba ne?

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne a wajen jinka. A wajen piyano an samu wanda ya ƙaryata mu. Wani makaɗin piyano, Paul Wittgenstein, ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da dukiya, sai ya riƙa biyan manyan marubuta kiɗa su rubuta masa na hannun hagu zalla. Ravel ya rubuta masa, Prokofiev ya rubuta, Britten ya rubuta, Hindemith ma ya rubuta, ko da yake na Hindemith ɗin bai yi masa ba, ya kulle shi a akwati, sai a 2004 aka fara jin sa a Balin, kuma Fleisher ne ya kaɗa. Brahms ya mayar da wani kiɗan goge na Bach zuwa hannun hagu ya aika wa Clara, ya kuwa same ta tana jinyar hannun dama. A zamaninmu akwai Nicholas McCarthy a Ingila, da aka haifa ba hannun dama, ya gama kwalejin kiɗa ta Royal College of Music a 2012, yana kuma cin abinci da dandamali. Kai da ka tashi a Jos bai kamata wannan ya ba ka mamaki ba. Marigayi Ɗan Maraya da tsirkiya ɗaya a kuntiginsa ya zaga duniya, kai kana kukan an rage maka yatsu biyu a kan maɓallai 88. Wasa nake maka, amma rabi ne wasan. Sai dai ka bi hagun nan da lallami. Kada ka kwashe awa taran da ka ɗora wa dama ka juye mata, don ita ma tsoka ce da jijiya.

Saboda haka ra'ayina, ka karɓi aikin. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi karɓar muhimmanci a wurina.

Ina yaro an taɓa kai ni wurin wani malamin kiɗa, mutum mai baiwa ƙwarai, wanda ya so ya yi nisa abin bai yiwu ba. Yana da rula ta katako da yake ajiyewa a gefen maɓallai. In ka yi kuskure ba ya magana, sai dai ka ji ta a bayan yatsu. Wani lokaci a tsakiyar darasi sai ya ture ka, ya kaɗa wani abu mai wuya na minti biyar idonsa a rufe, ya buɗe ido ya dube ka kamar kai ka tare masa hanya. Mu shida muka fara, ba wanda ya kai shekara. Har yau in na ji wani kiɗan da yake yawan kaɗawa sai na ji bayan hannuna ya yi sanyi. Mutumin nan bai taɓa koyar da mu ba, makokin kansa yake yi a gabanmu, iyayenmu suna biya. In haka za ka shiga ajin nan, ka bar wa yaran mutane lafiyarsu, ka nemi aikin ɗaukar kaya a kanti har zuciyarka ta huce. Yaro yana gane malamin da ke ganin sa a matsayin hukunci.

In kuwa za ka shiga da niyya, to ga abin da ke jiranka. Za a kawo maka yarinya 'yar shekara bakwai, ƙafafunta ba sa kai ƙasa, sai an sa mata akwati. Za ta danna maɓalli da yatsa a miƙe kamar mai danna ƙararrawar ƙofa, kafaɗunta a ɗage har kunne, tana riƙe numfashi. Malamin da bai taɓa ciwo ba zai ce mata ta sake, ta sake, har ta haddace. Kai kuwa za ka ga kafaɗar nan kafin ka ji sautin. Za ka ce ta sauke hannu ta bar shi ya yi lilo a gefenta, ta ɗago shi ta ajiye a kan maɓallai yadda ya faɗo, ta saki numfashi, sannan ta danna ta saurara har sautin ya mutu da kansa. Ran da ta ɗago kai ta ce maka wannan ya fi na ɗazu daɗi, ba tare da ka gaya mata ba, ka ba ta abin da wasu sai sun kai shekara ashirin suke samu, wasu ma sai ciwo ya koya musu. Abin da wata 14 ɗin nan suka sa ka sani game da hannu da tsoro da tilas, malamai da yawa masu manyan takardu ba su san shi ba. Kuma sake koyon motsi da likitoci za su sa ka yi, a hankali, sauti ɗaya bayan ɗaya, shi ne dai abin da za ka wuni kana koya wa yaran. Aikin da jinyar hanya ɗaya suka bi.

Ta fuskar takardu kuwa, kada ka sa hannu da ka. Ka tambaya ko ɗaukar aiki ce ta dindindin mai albashi da inshora da hutu, ko kuwa ta awa-awa ce da ake biya in an yi darasi kawai, domin makarantun kiɗa na Jamus suna yin duka biyun kuma bambancin babba ne ranar da ka kwanta ciwo. In ta awa-awa ce, ka binciki asusun inshorar masu fasaha da ake kira Künstlersozialkasse, wanda ke ɗaukar kusan rabin kuɗin inshorar lafiya da fansho na masu zaman kansu, har da malaman kiɗa. Wanda ya gama karatu a Jamus ana ba shi har wata 18 ya nemi aiki, to ka je ofishin baƙi da takardar tayin ka ji ko za ta iya zama madogarar izinin zamanka; wannan kaɗai dalili ne na kada ka yi wasa da tayin. Kwana huɗu suka ce. Ka tsare sauran ukun kamar yadda ake tsare kuɗin adashi: ɗaya na jinya, ɗaya na hannun hagu da karatun kiɗa, ɗaya na hutu. Kuma ka gaya wa shugaban makarantar halin da hannunka ke ciki tun yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara ya ji daga bakinka da ya gani a taron iyaye.

Wani abu kuma da ban ga ka ambata ba. Ka yi shekaru kana haddace kiɗan Jamusawa da 'yan Poland da Rashawa, ka taɓa buɗe na gida? Akin Euba, marubucin kiɗa ɗan Najeriya, ya kafa tunanin a riƙa sa piyano ya yi magana irin ta ganguna da kalangu. Joshua Uzoigwe ya rubuta wa piyano kiɗa a kan salon gangunan ƙasar Ibo. William Chapman Nyaho, ɗan asalin Gana, ya tattara kiɗan piyano na Afirka da 'ya'yanta na ƙetare cikin juzu'i biyar, daga na masu koyo har na ƙwararru, ka ga kayan aji a shirye. Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa jerin tarukan kiɗan Afirka a Landan tun 2019. A cikin wannan fage kiɗan arewa bai samu masu shigar da shi da yawa ba. Kai ka tashi da amon kalangu da gurmi da waƙoƙin cocin Filato a kunne, ka kuma san piyano ciki da waje. Rubuta wa yaran ajinka 'yan gajerun kiɗoɗi daga abin da kakarka ke rerawa ba ya buƙatar yatsan zobe.

Saura Baba, wanda na san shi ne ainihin abin da ke hana ka barci.

Kana ganin filin nan bashi ne da ba a biyansa sai da hotonka a babban zaure. Ban san mahaifinka ba, amma na san iyaye. Mutumin da ya sayar da fili don ɗansa ya koyi piyano, a ƙasar da ake ce wa mai kiɗa maroƙi, ba lissafin riba ya yi ba. Bidiyon da yake nuna wa mutane, ɗansa yake nunawa. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji a bakin wani cewa ka yi shekara guda da wata biyu kana fama kai kaɗai, kana ce masa lafiya lau duk ranar Lahadi. Kowane mako da ka ƙara, kana ƙara wa maganar nauyi ne, kuma irin wannan labari ba ya ɓoyuwa. Akwai ɗan garinku a kowane birni.

Kada ka rubuta masa saƙo, ka kira shi ta bidiyo ya ga fuskarka. In Mama ce ta fi sauƙin shiga, ka fara da ita, ka roƙe ta ta zauna kusa da shi. Ka faɗi abin da tsari: hannuna ya samu larura, ba ta kisa ba ce, ba ta shanyewar jiki ba ce, ina ganin likita, na samu aikin koyarwa mai albashi, kuma ban bar kiɗa ba. Ka ɗaga hannun ka nuna masa yana motsi, don abin da zai fara zuwa ransa shi ne shanyewa ko sammu, kuma za a samu masu ce masa hannun mutane ne. Ka yi masa bayanin gonakin yatsu da iyakarsu kamar yadda na yi maka. Manomi zai gane wannan da sauri. In ya ce zai sa a yi addu'a, ka ce amin da zuciya ɗaya, ka ci gaba da zuwa asibiti. In ya yi shiru, ka bar shi ya yi shirunsa, kada ka cika wurin da alkawuran da ba ka da iko a kansu, musamman alkawarin cewa za ka warke nan da wata kaza. Zancen fili kuwa kada ka tayar da shi a wannan kiran. Ka bari albashi ya fara shiga, ka buɗe wani asusu daban, ka riƙa zuba wani abu duk wata ko yaya yake, ran da ya taru ka kira ƙaninka ko wani amintacce ya fara duba maka filaye.

Ka rubuto mini bayan ka je Hanoba, ina so in ji abin da suka ce game da allurar. Ka gaishe da Baba in kun yi magana.

Kawunka